Rufin gida, hidimar dangi da kuɗin shayi a Maamobi

A gidajen zangonnin Accra kuɗin wata yakan ƙare tun kafin a tuna da gidan da ake kwana a cikinsa, kuma dalilin ba rashin hankali ba ne, yadda buƙatun suke zuwa ne ya bambanta. Hidimar iyali tana zuwa da fuskar mutum da kuma ranarta: yaro ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da takardar makaranta, ko ƙanwa ta aiko cewa suna ranar Lahadi ne, babu yadda za ka ce ba ka gani ba. Kuɗin nishaɗi kuwa yana fita ne kaɗan-kaɗan, sidi (kuɗin Ghana) 5 a nan, sidi 10 a can, ta yadda mutum zai iya rantsewa cewa bai kashe komai ba. Gyaran gida shi kaɗai ne ba shi da mai magana da yawunsa, ba shi da ranar da aka sa masa, saboda haka kullum shi ake ce wa sai wata mai zuwa, har ranar da ruwan sama zai sa masa rana da kansa, a lokacin da farashi ya ninka kuma aljihu ya bushe.

Ni malamin makaranta ne, ina zaune da iyalina a gidan gado da kakanmu ya gina a Maamobi, irin gidan nan mai ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida, wasu ɗakunan magada ne a ciki, wasu kuma 'yan haya. Matata tana sayar da hatsi a kasuwar Nima, kuma cinikin ranar Laraba, wadda ita ce babbar ranar kasuwar, shi ne yake nuna mana yadda makon zai kasance. Albashi ɗaya ne da riba mai hawa da sauka, kuma ba na kuka, domin na san mafi ƙarancin albashin da hukuma ta tsayar a 2025 sidi 19.97 ne a rana, alhali buhun siminti ɗaya ya haura sidi 100 a 2024. Wanda yake karɓar wannan albashi sai ya yi aikin kusan mako guda kafin ya sayi buhu ɗaya, bai ci ba, bai hau mota ba. Abin da na tsaya a kansa bayan shekaru ina wannan lissafi shi ne, dole a ba gyaran gida rana da kaso tun daga farkon wata, kamar yadda ake ba kuɗin makaranta, sa'an nan a ambaci kuɗin nishaɗi da sunansa a fili, domin kada ya riƙa fita a ɓoye.

Duk wanda ya zauna a wannan gari ya san yadda ruwa yake mana. Babbar damina tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, ta lafa a Yuli, ƙaramar kuma ta dawo daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan Nima da Maamobi yana gangarawa ne ta babbar kwata ya haɗu da kogin Odaw, kuma idan shara ta toshe hanya sai ya dawo ya nemi tsakar gidajen mutane. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Amma ɓarnar da ta fi cin kuɗin talaka ba irin wadda ake nunawa a talabijin ba ce. Ita ce ɗigon da yake sauka a kan katakon rufi shekara bayan shekara har ya ruɓe, da iskar teku mai gishiri da take cinye kwano ta wajen ramin ƙusa, da danshin da yake tasowa daga ƙasa ya kumbura filasta a gindin bango har ta riƙa zubowa. Kwano ɗaya da ya huje, idan aka canza shi a rani, kuɗin kwanon ne da ƙusa da ladan kafinta. Idan aka bar shi damina biyu, sai an sayi katako, an sake silin, wataƙila har da katifar da ta jiƙe da kuɗin maganin yaron da sanyi ya kama.

Saboda haka ba kowane gyara nake ɗauka da daraja ɗaya ba. Abin da zai iya kashe mutum shi ne a gaba, wato tsohuwar wayar wuta da aka yi ta ɗaure-ɗaure a kanta tun zamanin da babu firji ko dutsen guga a kowane ɗaki, da bututun gas da ya tsage, da bangon da ya fara karkata. Gidajenmu a manne suke da juna, lungunan kuma motar kashe gobara ba ta iya shiga yawancinsu, don haka wayar da ta yi tartsatsi a ɗaki ɗaya matsalar layi ce gaba ɗaya. Bayan wannan sai duk abin da yake barin ruwa ya shigo, daga rufi har zuwa kwatar bakin ƙofa. Fenti da tayil da sabuwar ƙofar ƙarfe su ne na ƙarshe, ko da yake na lura yawancinmu daga nan muke farawa, musamman idan Salla ta matso ko za a yi biki a gidan, domin fenti baƙi suna ganinsa, kwanon da aka canza kuwa babu mai hawa ya duba.

Akwai wani nau'in gyara da na ga ba a cika lissafa shi daidai ba, wato wanda yake rage kashe kuɗi na kullum. Gidaje da yawa a Nima da Maamobi ba su da bayan gida, domin a wasu an mai da wurin ɗakin haya tun da daɗewa, saboda haka manya da yara sukan bi layi a na jama'a, su biya a kowane shiga. Kuɗin ba ya da yawa a ido, amma mutum ya zauna ya ninka shi da yawan mutanen gidan, ya sake ninkawa da kwana 365, zai ga cewa gidan yana biyan kuɗin gina nasa a hankali ba tare da ya mallaki komai ba, ban da wahalar tsofaffi da haɗarin fitar 'yan mata da dare. Shirin tsabta da ruwa na yankin Accra, wanda Bankin Duniya ya tallafa masa, ya taimaka wa dubban gidaje a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi suka samu bayan gida a kan rangwame, kuma irin da aka fi ginawa ba ya buƙatar fili mai yawa. Haka famfon da yake ɗiga dare da rana a gidan da ke da mita, robar da za a canza masa ba ta kai kuɗin kwanon waakye, wato shinkafa da wake, ba, amma takardar kuɗin ruwa tana zuwa da ita kowane wata, a raba wa kowa, a yi ta gardama a tsakar gida.

Batun lokaci ya ƙara wuya a 'yan shekarun nan, kuma ban ji mutane suna maganarsa ba. A 2025 ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen Maris, babbar kuma a farkon Yuni, kuma kowace shekara suna matsowa baya da kwana 11 ko kusa da haka. Wannan yana nufin azumi da kayan Salla sun faɗo daidai cikin watannin da aka saba gyara rufi kafin ruwa, kuɗin rago kuma yana zuwa ne a lokacin da damina ta kankama. Wanda ya ce zai jira Fabrairu ko Maris ya kira kafinta, zai tarar da kuɗin ya tafi wajen sukari da gero da ɗinkin yara, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Ni na mai da lokacin gyara zuwa Disamba da farkon Janairu, cikin hunturu, lokacin da katako yake a bushe, filasta take kamawa da kyau, masu aikin hannu kuma ba a rububinsu kamar yadda ake yi bayan ruwan farko, sa'ad da kowa yake neman kafinta a rana ɗaya, shi kuma ya faɗi kuɗin da ya ga dama.

Kason da nake cirewa kashi ɗaya ne cikin 10 na abin da ya shigo, a ranar da ya shigo, kafin a sayi ko da gishiri. Inda ake ajiye shi ma magana ce. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma duk wanda ya tara kuɗin kwano a gwangwani a waccan shekara ya ga yadda suka narke a hannunsa. Kafin nan, a 2019, Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance 347 a lokaci ɗaya, mutane da yawa suka daɗe suna jiran kuɗinsu. Barin kuɗin a waya kuma yana da nasa haɗarin, domin kuɗin da yake cikin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kira ɗaya ne tsakaninsa da fita. Saboda haka da zarar kason ya kai na wani abu, sai in mai da shi kaya: kwano biyu yau, ƙusa da roba gobe, katako daga kasuwar katako ta Timber Market idan an samu mai mota da zai biyo ta nan. Kwanon da aka jingine a bayan ɗaki babu ɗan'uwan da zai zo ya ce a ranta masa shi zuwa ƙarshen wata. Siminti ne kawai ba na saya sai ranar aiki ta matso, domin danshin Accra yana daskarar da shi a cikin buhu. Matata kuma tana cikin adashin matan kasuwa, kuma ta roƙi a riƙa ba ta kwasarta a Nuwamba, wadda daga ciki muke biyan ladan masu aiki.

Gidan gado yana da tasa rigimar, domin rufi ɗaya ne amma aljihu da yawa, kuma kowa yana ganin ɗigon ɗakin wani ba nasa ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kafin hannuwan su haɗu sai an sha zama. Abin da ya yi mana amfani shi ne, kuɗin hayar ɗaki ɗaya daga cikin na 'yan haya aka ware shi gaba ɗaya don gidan, ba a raba shi tsakanin magada, kuma Gwaggo, wadda ita ce babba a gidan yanzu, ita take riƙe da littafin. Ranar da aka yi wannan shawara wani yayanmu ya nuna cewa yana da buƙatar kasonsa a hannu, sai ta ce masa: "Ɗana, idan rufin nan ya faɗo, kasonka na ruwa za ka samu, kuma ba a ɗakina zai tsaya ba." Aka yi dariya, maganar ta zauna. 'Yan'uwanmu da ke Jamus da Amurka kuwa, na lura suna saurin aiko da kuɗi idan an ce rasuwa ko aure, amma idan aka ce kwata ko waya sai a ji shiru, kuma ina ganin dalilin shi ne sun sha jin labarin kuɗin gini da aka aika gida ba a ga gini ba. Tun da muka fara sa hoton wurin da ya lalace a zauren WhatsApp na dangi, da takardar farashin kaya, da hoton aikin bayan an gama, hannunsu ya saki.

Ɗan haya nasa lissafin dabam ne. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma kowa ya san a Accra shekara ɗaya ko biyu ake nema, don haka babban abin da ɗan haya yake tarawa shi ne kuɗin sabunta zama, kuma bai kamata ya zuba kuɗinsa a bangon wani ba tare da yarjejeniya ba. Idan ɗaki yana yoyo kuma mai gida ya ce ka gyara a cire a kuɗin haya, a rubuta a takarda, a sa hannu a gaban shaida, domin mai gidan yana iya rasuwa, magadansa kuma ba su san da maganar baki ba.

Hidimar iyali ita ce take cin mafi yawan kuɗin, kuma haka ya kamata. Abinci da makaranta da lafiya ba na taɓa su don wani gyara, sai dai irin wanda rai yake cikin haɗari. Karatun babbar sakandare ya zama kyauta tun Satumba 2017, kuma ya sauke wa iyaye nauyi na gaske, amma duk wanda ya kai yaro makarantar kwana ya san akwai akwati da katifa da bokiti da kayan ci da kuɗin mota, kuma duka a mako ɗaya ake nemansu. Ga kuma kuɗin makarantar allo da ta Islamiyya, wanda nake ganin abin kunya ne a ce shi ake fara jinkirtawa, alhali malaman da shi suke ci. Katin inshorar lafiya kuwa yanzu ta waya ake sabunta shi, a danna *929#, kuma rashin sabuntawa a kan lokaci yana daga cikin hanyoyin da kuɗin kwano yake komawa kuɗin asibiti a dare ɗaya.

Inda nake da magana shi ne hidimar da ta wuce ta cikin gida. A zango kusan babu ƙarshen makon da ba a suna ko aure ko addu'ar mamaci, kuma kowane biki yana zuwa da yayinsa, wato sai an sayi atamfa ko leshi, an biya tela, an tanadi abin da za a miƙa. Ba na cikin masu cewa a daina, domin waɗannan mutanen su ne za su cika tsakar gidanmu ranar da namu ya same mu, kuma gudummawar da ka kai yau ajiya ce. Amma zumunta a ƙafa take, kuma zuwa da kanka da zama a yi addu'a da kai ya fi ƙyallen da za a sa sau ɗaya a jefa a akwati. Ni da matata mun yi shawara cewa yayi na dangi na kusa ne da aminai, sauran kuwa za a je da tufafin da ake da su, a kai abin da ya sawwaƙa. An yi ƙananan maganganu da farko, daga baya wasu matan suka bi sahu, domin ashe kowa yana jin nauyin, kunya ce ta hana a faɗa. Haka batun layya, malamai sun bayyana cewa tana kan mai hali ne, amma sai ka ga magidanci ya ci bashi ya je kasuwar dabbobi ta Tulaku a Ashaiman ya sayo rago mai ƙaho don idon maƙwabta, a daidai makon da ake tara ruwa da roba a kan gadonsa.

Nishaɗi kuwa ba na yarda a soke shi, ko da wata ya yi tsanani. Gidan da aka ce babu fita, babu tsire, babu kallon ƙwallo sai an gama gyara, gida ne da kowa zai fara ɓoye kuɗi, kuma gyaran tsohon gida ba ya ƙarewa balle a ce a jira shi. Abin da nake nema shi ne a faɗi gaskiya game da shi. Mu maza muna da wata dabara, ba ma lissafa shayin da muke haɗa kuɗi a dafa a majalisa kowane dare, da kuɗin DStv don wasannin Ingila, da katin intanet da yake ƙarewa a kallon bidiyo, da tikitin shiga filin wasa ranar da Hearts of Oak ta karɓi Asante Kotoko, amma idan mace ta sayi mayafi ko ta ba yara kuɗin burkina, wato gero da nono, nan take za mu kira shi almubazzaranci. Ranar da muka zauna muka rubuta na kowa a takarda ɗaya, matata ta duba ta ce: "Malam, ashe shayinku ma yana da albashi." Tun daga nan kowannenmu yana da ɗan abin da yake kashewa ba tare da ya yi wa ɗaya bayani ba, kuma nata bai gaza nawa ba.

Na yara kuma mukan tara shi ne don fita ɗaya mai kyau, maimakon a watsar da shi a kayan zaƙi na kullum. Wurin tunawa da Kwame Nkrumah, wanda aka sake buɗewa a Yuli 2023 bayan gyara, yana kusa, kuma yara suna ganin abin da suka karanta a littafi. Lambun Aburi, wanda yake nan tun 1890, mota ce daga unguwar Madina ta Accra, kuma idan aka dafa abinci daga gida aka tafi da shi, kuɗin mota da na shiga ne kawai, a dawo da yara sun gaji da gudu a cikin iska mai sanyi da ba su saba da ita ba a lungunanmu. Bakin teku na Labadi washegarin Salla kuwa cunkoso ne da tsada, gara a bari sai mako ya zagayo. Abu ɗaya da ba na sa shi a layin nishaɗi ko kaɗan shi ne cacar ƙwallo ta waya, wadda ta shiga samarinmu har da wasu magidanta, domin ban da haramcinta, ita kaɗai ce kashe kuɗin da mai yinsa yake ɗauka neman kuɗi yake yi, don haka ba ya sa mata iyaka.

Duk da wannan tsari akwai watan da yake rushewa, a kwantar da wani a asibiti, ko rasuwa ta auku a Kumasi ko Tamale dole a yi tafiya, ko kasuwa ta yi sanyi makonni a jere. A irin wannan wata DStv ne yake fara tafiya, in koma kallon ƙwallo a shagon maƙwabci, sa'an nan yayi da duk wata gudummawar da za a iya kai ta daga baya ba tare da an ɓata zumunci ba. Kuɗin fitar yara nakan rage shi amma ba na share shi. Idan duk wannan bai isa ba, sai in taɓa kason gyara, amma a matsayin rance, in rubuta adadin da watan da zan mayar a littafin da matata take gani. Kayan da aka riga aka saya kuwa ba a sayar da su, kuma bana kwanon da zai rufe ɓangaren Gwaggo da na ɗakin girki ya kusa cika, saura katako da ladan kafinta, waɗanda za su fito daga adashin Nuwamba. Fentin gaban gida, wanda yayanmu yake ta magana a kansa tun bara, an sake ɗaga shi zuwa bayan an canza wayar wutar ɗakunan baya.